Alhaji Umaru Salaga (1858-1934): Ɗan Kano a Ƙasar Gwanja

Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu yana ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20. Ya yi rubutu da Larabci, ya kuma yi da Hausa cikin ajami. Ya tsara waƙa, ya rubuta zube. Rayuwarsa ta zo daidai da lokacin da Turawa suke yanka ƙasashen Afirka ta Yamma suna rabawa a tsakaninsu, kuma bai bari wannan al'amari ya wuce ba tare da ya sa masa alƙalami ba. Abin mamaki shi ne, duk da kasancewarsa haifaffen birnin Kano, sunansa ya fi tashe a ƙasar Gana da jami'o'in Turai fiye da garin da aka yanke masa cibiya.

Tun daga sunansa ɗalibi mai bincike yake fara cin karo da matsala. A rubuce-rubucen Larabci ana kiran sa Umar bin Abi Bakr al-Kabawi al-Kanawi, wato mutumin Kabi kuma mutumin Kano. Mutanen Gana sukan ce Imam Imoru ko Alhaji Umar Karachi, manazarta adabin Hausa kuwa sukan ce Alhaji Umaru Salaga. Duk mutum ɗaya ne. Wanda ya shiga ɗakin karatu ko intanet da suna ɗaya tak, zai fito yana zaton ba a yi wani aiki a kan wannan malami ba, alhali kuwa an yi da yawa.

Asalinsa da Karatunsa

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu daga ƙasar Kabi yake, mahaifinsa kuma bafatake ne mai bin hanyar Gwanja don sayo goro. A Kano ya yi karatun allo, ya sauke Alƙur'ani, sannan ya shiga karatun littattafai. Daga baya ya fita yawon neman ilimi kamar yadda almajiran zamaninsa suke yi, ya zauna a ƙasashen Sakkwato da Kabi, ya ratsa ƙasar Zabarma da ta Mosi da ta Gurunsi. Wannan yawo shi ya zame masa jari daga baya, domin yawancin ƙasashen da ya rubuta tarihinsu ya taka su da ƙafarsa, ya kuma ji labarinsu daga bakin mutanensu.

Tun yana ɗan kimanin shekara 20, a 1877, ya rubuta wani littafi na Larabci mai suna Al-Sarha al-Wariƙa fi Ilm al-Wathiƙa, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin rubuta wasiƙa tare da misalai. A wancan zamani wasiƙa ba ƙaramin abu ba ce. Da ita sarki yake magana da sarki, da ita attajiri yake bin bashinsa a garin da ke da nisan tafiyar watanni. Saboda haka littafin farko na Umaru littafin koyar da rubutu ne, irin wanda malamin aji zai iya kira jagorar insha'i.

Hanyar Gwanja da Zaman Salaga

Ba za a fahimci yadda ɗan Kano ya ƙare rayuwarsa a bakin kogin Bolta ba sai an san fataucin goro. Goro yana fitowa ne daga dazuzzukan ƙasar Asante, a kawo shi kasuwar Salaga da ke ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano da jakuna da takarkarai, ɗauke da tufafi da kanwa da kayan fata, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba. Sukan bi ta Yawuri, su haye Kwara, su ratsa Bargu, su yi watanni kafin su isa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. Duk inda ayari ya saba yada zango, a hankali unguwar Hausawa takan kafu, da masallacinta da makarantarta, shi ya sa har yau ake kiran irin waɗannan unguwanni zango a Gana. Malami kuwa ba ya rasa abin yi a zango: shi ne liman, shi ne mai rubuta wasiƙa, shi ne mai raba gardama.

Umaru ya zauna a Salaga ne a lokacin da tauraron garin ya riga ya fara dusashewa. Tun bayan da Ingilishi suka ci Asante da yaƙi a 1874, hanyoyin goro suka fara sauyawa. Sai kuma a 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, garin da ke iko da Salaga, aka wawashe kasuwa, baƙi suka watse. Umaru yana cikin waɗanda suka bar garin, daga ƙarshe ya zauna a Kete Karachi, wanda a lokacin yake hannun Jamusawa a cikin ƙasar Togo. A nan ya zama liman, ya buɗe makaranta, almajirai suka riƙa zuwa masa daga nesa. Watsewar Salaga ta tsaya masa a rai ƙwarai, har ya tsara mata doguwar waƙar Larabci mai suna Tanbih al-Ikhwan fi Zikr al-Ahzan, wadda masana tarihin Gwanja suke dogara da ita har yau.

Hulɗarsa da Jamusawa da Rubutun Zube

A Salaga ya san Gottlob Adolf Krause, Bajamushe mai nazarin harsuna wanda Hausawa suke kira Malam Musa. Amma hulɗar da ta fi yin tasiri ita ce wadda ya yi da Adam Mischlich, wanda ya fara zuwa Afirka a matsayin ɗan mishan, daga baya ya zama jami'in mulkin Jamus a Kete Karachi. Mischlich ya koyi Hausa sosai, ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Shi ne ya riƙa neman Umaru ya rubuta masa bayanai da Hausa a kan ƙasar Hausa da maƙwabtanta, Umaru kuwa ya rubuta shafuka masu ɗimbin yawa cikin ajami.

Wannan shi ne ɓangaren aikinsa da ya fi cancantar a tsaya a kansa. An saba koya wa ɗalibai cewa rubutun zube na Hausa ya kankama ne da gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Wannan gaskiya ne idan ana maganar ƙagaggun labarai cikin boko. Amma kimanin shekara 30 kafin gasar, Umaru ya riga ya yi amfani da Hausa wajen rubuta tarihi da bayanin al'adu da tattalin arziki, a zamanin da malamai suke ganin Larabci ne kaɗai ya dace da irin wannan aiki, Hausa kuwa sai dai waƙar wa'azi. Ya rubuta tarihin Kabi da na wasu dauloli da dama, kamar Nufe da Ilori da Masina da Mosi. Ya kuma yi bayanin noma da sana'o'in hannu da ciniki da zamantakewar Hausawa kamar yadda ya san su a ƙuruciyarsa. Mischlich ya buga wasu daga cikin bayanan tare da fassarar Jamusanci, har da wani littafi da ya fito a 1942 a kan noma da sana'a da ciniki.

Amfanin waɗannan bayanai bai tsaya a kan ɗalibin adabi kaɗai ba. Kano ta shahara da rukunin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda aka kafa kamfanonin jima da masaƙu da na robobi da na abinci. Masaƙu da yawa sun rufe tun daga shekarun 1990, kamfanonin jima kuwa sun jawo doguwar muhawara saboda gurɓataccen ruwan da ke malala zuwa kogin Challawa da na Jakara. Ɗalibin da aka ba aikin bincike a kan kalmomin jima ko na rini ko na saƙa, yakan tafi waɗannan wurare ko marinar Ƙofar Mata ya yi hira da ma'aikata, kuma hakan daidai ne. Sai dai fata da zane ba tare da injin suka zo Kano ba. Su ne kayan da ayari yake ɗauka zuwa Gwanja tun majemi yana aiki da bagaruwa, marini yana aiki da baba a karofi. Rubutun Umaru yana ba mai bincike ma'auni na ƙarni na 19 wanda zai gwada abin da ya ji a yau da shi, ya ga kalmar da ta rayu da wadda ta mutu da wadda aka aro. Ko a fannin jari ma akwai zaren da ya haɗa zamanin biyu: Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goron Gwanja ya fara kafin ya koma gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa Kano, zuriyarsa kuma ta shiga harkar masana'antu.

Duk da haka, wajibi ne a karanta zuben Umaru da idon basira. Rubutu ne da wani jami'in mulkin mallaka ya nema, saboda haka tambayoyin Mischlich suna da hannu a kan abin da aka faɗa da abin da aka tsallake. Sannan marubucin yana nesa da gida, yana rubuta abin da ya tuna ne bayan shekaru. Haka kuma malami ne mai ra'ayi, yana kallon Maguzawa da bayi da mata ta fuskar malamin zamaninsa. Wannan bai rage darajar aikin ba, amma yana nuna cewa kafin a kafa hujja da kowane nassi sai an tambayi wanda ya rubuta shi, da wanda aka rubuta wa, da lokacin da aka rubuta.

Waƙoƙinsa

Jigon da ya fi fitowa fili a waƙoƙinsa shi ne zuwan Turawa. Ya tsara waƙoƙi biyu na Larabci a kan wannan batu wajen 1899 da 1900, sannan ya yi ta Hausa, wadda aka fi sani da Waƙar Nasara, a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingilishi, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. A cikin waɗannan waƙoƙi yana bin ƙasashe da sarakuna ɗaya bayan ɗaya yana nuna yadda aka rinjaye su, yana kuma bayyana yadda baƙin suka shigo da lalama da sunan ciniki kafin su fito da ƙarfi. Ga manazarci, abin lura shi ne mutumin da yake rubuta wa Mischlich bayanai shi ne kuma yake tsara waɗannan baitoci domin 'yan'uwansa Musulmi. Murya biyu ce daga baki ɗaya, kowace da masu sauraronta, kuma wanda ya karanta zuben kaɗai ko waƙar kaɗai, rabin Umaru ya sani.

Waƙar Talauci da Wadata kuwa ta juya ne kan al'ummarsa. Ya jera yadda ake wulakanta matalauci ko da mai hankali ne, da yadda ake girmama mawadaci ko da ba shi da wani abin kirki sai dukiyar. An gina ta a kan salon gwama kishiyoyi, da zambo mai sa dariya da ɗaci a lokaci guda. Ta bambanta da yawancin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, waɗanda suka fi karkata ga tuna mutuwa da lahira, domin ita idonta yana kan zaman duniya da halin mutane. Ta wannan fuska ana iya ganin ta a matsayin gada tsakanin waƙoƙin masu jihadi da waƙoƙin gyaran al'umma na su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja.

Ya kuma yi waƙa a kan annobar murar da ta game duniya a 1918. Har ila yau, ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa. R. S. Rattray ya buga wani ɓangare na fassarar a 1934. Wannan na cikin ayyukan farko na fassarar adabi zuwa Hausa waɗanda manufarsu ba wa'azi ba ce.

Mai nazarin waɗannan waƙoƙi yana bukatar haƙuri da ajami. Rubutun bai nuna karin sauti ba, kuma masu kwafa sukan bambanta wajen rubuta wasulan e da o da baƙaƙe irin su ɓ da ɗ da ts, ga shi kuma sukan yi ragi ko ƙari. Don haka juya waƙa daga ajami zuwa boko ba kwafa ba ce kawai, hukunci ne ake yankewa a kan kowace kalma, kuma karin waƙar da amsa-amonta su ne sukan raba gardama idan kwafi biyu suka saɓa.

Ƙarshen Rayuwarsa da Makomar Takardunsa

A 1913 ya tafi aikin hajji. A Madina ya sadu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umaru Futi, ya ɗauki ɗariƙar Tijjaniyya a hannunsa. Yaƙin Duniya na Farko ya kawar da mulkin Jamus daga Togo, Kete Karachi ta koma hannun Ingilishi, shi kuwa ya ci gaba da limanci da koyarwa har Allah ya yi masa rasuwa a can a 1934. Almajiransa sun bazu a zangunan Gana da Togo, kuma ta hannunsu ne kwafe-kwafen waƙoƙinsa suka yaɗu.

Takardun da Mischlich ya tara sun tafi Jamus, inda Heinz Sölken ya yi aiki a kan wasunsu, ciki har da tarihin Kabi. A farkon shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta shiga tattara rubuce-rubucen Larabci da na ajami daga hannun malamai, aikin da Thomas Hodgkin da Ivor Wilks suka ba ƙarfi, aka sami waƙoƙin Umaru da dama. A 1973 Douglas Ferguson ya gabatar da kundin digiri na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, wanda ya ƙunshi fassarar bayanan Umaru a kan ƙasar Hausa zuwa Ingilishi. Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Waso a ƙasar Polan ya fitar da Waƙar Talauci da Wadata da Waƙar Nasara a shekarun 1970, ya wallafa littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa a 1981, sannan a 2000 ya buga tarin zubensa na ajami a Balin.

Tsohon garin Kete Karachi, inda ya shafe kusan shekara 40 yana karantarwa, ruwa ya cinye shi bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, aka mayar da mutanensa sabon matsuguni a kan tudu a gefen tafkin Bolta.