Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar 'Yan Taru

Mutane da yawa suna zaton ƙungiyoyin taimakon jama'a baƙi ne a ƙasar nan, Turawa suka zo da su. Gaskiya ne an kafa Red Cross a Turai cikin 1863, ƙungiyar Sikawut kuwa ta soma a Ingila cikin 1907. Amma tun kafin waɗannan, wata mace a ƙasar Sakkwato ta riga ta kafa tata, ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

An haife ta a Degel cikin 1793, ita da tagwaicinta Hassan. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, ta ga yunwa da wahalar yaƙi da idonta. Bayan jihadi Shehu ya zauna a Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga wadda matafiyi ke ratsawa daga Sakkwato zuwa Shagari, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Cikin 1815 Shehu ya koma Sakkwato, ya rasu cikin 1817. Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi zurfi cikin karatu, tana rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa.

Abin da ya dame ta shi ne halin matan ƙauye. Da yawa ba su san hukuncin tsarki da salla ba, waɗansu kuma sun riƙe bori. Ga shi matar aure ba ta da damar barin ɗakinta ta tafi birni neman ilmi. To, sai Asma'u ta yi dabara. A zamanin Bello ta fara zaɓen dattijai mata masu hankali, ta naɗa kowacce shugabar matan garinsu, ta ba ta malfa da jan rawani. Sunan sarautar Jaji, watau irin sunan jagoran ayari. Jaji ce ke jawo tsofaffi da 'yan mata a ƙasa har gidan Asma'u, su haddace waƙoƙin wa'azi, su koma su karantar da matan aure cikin gidajensu. Su ne ake kira 'Yan Taru. Domin irin wannan karantarwa ta mai da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fillanci zuwa Hausa.

Aikinsu bai tsaya ga karatu ba. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu, a raba wa mabukata. A garuruwansu kuwa su ne masu jinyar marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sasanta masu husuma.

Asma'u ta rasu cikin 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da kabarin mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, bai mutu ba.

Malamai da ma'aikata, ku duba wannan. Ƙungiyoyi nawa ne aka kafa a garuruwanmu, suka watse ranar da aka canja wa shugabansu wurin aiki? Ta Asma'u ta daɗe domin ta horar da waɗanda za su gaje ta, ta kuma ba kowace Jaji aiki sananne da girma a idon mutanenta. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.