Ɗan Hausa da Makarantar Sana'a ta Nassarawa

An haifi Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876. Aikin mishan ne ya fara kawo shi Nijeriya a 1901, daga baya ya koma aikin gwamnatin mulkin mallaka.

A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, bayan ganuwa. An fi tunawa da ajin malamai da na 'ya'yan sarakuna. Ɓangaren da ake yawan mantawa shi ne na sana'a, inda yara ke riƙe zarto da guduma da hannunsu, suna koyon kafinta da ƙira da dukanci. Da Hausa ake koyarwa. Iyaye da dama sun yi ɗari-ɗari da tsohon ɗan mishan, kuma ba za a ga laifinsu ba. Daga bisani karatun da ke kai yaro ga aikin akawu ya fi na sana'a daraja a idon jama'a.

Vischer ya bar Kano lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya mutu a 1945. Gidansa, Gidan Ɗan Hausa, yana nan a Nassarawa, ba nisa da Tarauni.