IMAMU MALIK ƊAN ANAS: MALAMIN DA YA YI AFUWA TUN RAUNINSA YANA ƊANYE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A shafin tarihi na mujallarmu ta bana mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda bai taɓa taka ƙasarmu ba, amma da wuya a sami gida a garinmu da bai ci moriyarsa ba. Duk wanda ya durƙusa a zauren malam ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, to a inuwarsa ya zauna. Alwalar da iyayenmu suka koya mana, da yadda ake ɗaura mana aure, da yadda ake raba mana gado, duk bisa mazhabarsa suke tafiya. Wannan kuwa shi ne Imamu Malik ɗan Anas, Limamin Gidan Hijira, Allah Ya ƙara masa yarda. Kowa ya san sunansa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa shekaru sama da talatin na ƙarshen rayuwarsa ya yi su ne da tawaya a kafaɗa, sakamakon dukan zalunci da aka yi masa a bainar jama'a.

ASALINSA DA NEMAN ILIMINSA

An haifi Malik a shekara ta 93 bayan Hijira, daidai da 711 Miladiyya, a zamanin mulkin Banu Umayya. Asalin gidansu daga Yaman ne, daga zuriyar Zu Asbaha, amma tun zamanin sahabbai suka zauna a Madina. Kakansa Malik ɗan Abu Amir yana daga cikin manyan tabi'ai, yana kuma cikin mutane ƙalilan da suka ɗauki gawar Halifa Usmanu da dare suka kai ta makwanci. Mahaifiyarsa Aliya ce ta fara ɗora shi a kan hanya. Ita ta sanya masa tufafin almajirai, ta naɗa masa rawani, ta tura shi wurin Rabi'atu, tare da yi masa wasiyya da ya fara kwasar ladabin malamin kafin iliminsa.

Daga nan ya lizimci Ibnu Hurmuz shekara bakwai ko takwas. Ya kan tsaya cikin zafin rana yana dakon fitowar Nafi'u, baran Abdullahi ɗan Umar, don ya tambaye shi hadisi. Ya kuma ɗauki karatu wurin Ibnu Shihab Zuhuri da Ja'afarus Sadiƙ. Talauci ya taɓa matsa masa har sai da ya kwance azarar ɗakinsa ya sayar don kada karatu ya tsaya. Bai yarda ya zauna ya ba da fatawa ba sai da malamai saba'in suka shaida cancantarsa.

Da ya zama malami, sai ya shahara da girmama hadisi. Ba ya zama karantar da shi sai ya yi alwala, ya sa tufafi masu kyau, ya shafa turare. Ba ya hawa dabba a cikin Madina saboda kunyar ƙasar da Manzon Allah (SAW) yake kwance a cikinta. Ba ya kuma jin nauyin ya ce bai sani ba. An ruwaito cewa an taɓa yi masa tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Mutumin da yake da irin wannan tsantseni, idan ya buɗe baki ya ce ya sani, to ba ya janyewa don tsoron wani. Wannan hali shi ya kai shi ga jarrabawar da za mu ambata.

YADDA JARRABAWAR TA AUKU

A shekara ta 132 mulki ya koma hannun Abbasiyawa. Don su ɗaure mutane da kyau, sai jami'ansu suka riƙa karɓar mubaya'a tare da rantsuwa mai nauyi, cewa duk wanda ya warware caffarsa to matansa sun saku. A shekara ta 145, zamanin Halifa Abu Ja'afar Mansur, sai Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda ake wa laƙabi da Nafsuz Zakiyya, daga zuriyar Hasan ɗan Aliyu, ya yi bore a Madina. Rundunar halifa ta zo ta murƙushe boren, aka kashe shi a watan Ramadan na wannan shekara.

Malik bai ɗauki makami ba, gidansa ya lizimta. Sai dai akwai wata mas'ala da ya daɗe yana karantarwa, wato sakin da aka tilasta wa mutum bai saku ba. A zahiri magana ce ta aure, amma masu mulki sun fahimci inda ta dosa. In har sakin tilas bai saku ba, ashe mubaya'ar tilas ma ba ta ɗauru ba ke nan. Sabon gwamnan Madina, Ja'afaru ɗan Sulaimanu, wanda ɗan baffan halifa ne, ya hana shi faɗin wannan magana. Mahassada kuwa suka sami abin da suke nema, suka dinga kai suka. Aka turo wanda zai tambaye shi a gaban jama'a, shi kuwa ya ba da amsar da ya saba bayarwa, bai rage ko harafi ba.

Gwamna ya sa aka kamo shi, a lokacin ya haura shekara hamsin. Aka tuɓe masa riga, aka yi masa bulala, aka kuma ja hannunsa da ƙarfin tsiya har kafaɗarsa ta goce daga mazauninta. A sume aka ɗauke shi zuwa gida. Mu tuna wane ne aka yi wa haka: mutumin da ba a ɗaga murya a majalisinsa saboda kwarjini, shi ne aka tozarta a garin da aka san shi tun yana yaro. Zafin wulaƙancin bai gaza zafin bulalar ba. Alƙali Iyal ya kawo cewa bayan wannan duka Malik ya kasance ba ya iya ɗaga hannuwansa yadda ya saba, har gyara mayafinsa ma ya kan gagare shi.

AFUWA KAFIN BAN HAƘURI

Abin da ya biyo baya yana nan cikin Ashafa, littafin da ake karantawa a zauruka da masallatan ƙasar Hausa musamman a watan azumi. Mutane sun taru a kansa suna jiran ya farfaɗo. Da ya buɗe ido, abin da ya fara yi shi ne ya kafa su shaida cewa ya yafe wa wanda ya dake shi. Da aka tambaye shi dalili, sai ya bayyana cewa ya ji tsoron ya mutu ya haɗu da Manzon Allah (SAW), ya ji kunyarsa a ce wani daga danginsa ya shiga wuta ta dalilinsa, domin Ja'afaru daga zuriyar Abbas yake, baffan Annabi.

Ya kamata mu dubi lokacin da aka yi wannan afuwa. Gwamna yana nan kan kujerarsa, bai aiko da ban haƙuri ba, bai nuna nadama ba. Shatin bulala bai bushe ba, shi kansa Malik bai san ko zai tashi ba. Bai jira ɗayan waɗannan ba. Tunaninsa ya tsallake fadar gwamna ya tafi ranar tsayuwa gaban Allah, ya auna abin da zai samu in ya riƙe da abin da zai samu in ya saki, ya zaɓi na biyun.

Mutanen Madina sun fusata ƙwarai da abin da aka yi wa malaminsu. Da Halifa Mansur ya zo aikin Hajji, sai ya gana da Malik, ya ba shi haƙuri, ya rantse masa cewa bai yi umurni da dukan ba kuma ba da saninsa aka yi ba. Ya kuma ba shi damar ya rama a jikin Ja'afaru. Ga dama ta samu, ga shari'a ta ba shi, ga sarki ya tsaya masa. Malik ya nemi tsarin Allah daga haka, ya shaida wa halifa cewa babu wata bulala da ta ɗaga daga jikinsa face ya riga ya yafe ta. Afuwar farko ya yi ta ba shi da ƙarfin ramawa, ta biyu kuwa ya yi ta ramuwa tana tafin hannunsa, kuma bakinsa bai sauya ba.

Sai dai kada mu ɗauka afuwar ta haɗa da janye gaskiya. Mas'alar da aka dake shi a kanta bai sauya ta ba har ya koma ga Allah, kuma har gobe a mazhabarsa sakin tilas ba ya aukuwa. Haƙƙin jikinsa nasa ne, ya bayar da shi kyauta. Hukuncin addini amana ce a hannunsa, bai taɓa ta ba.

RAYUWARSA BAYAN JINYA

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Masu tarihi sun ambata cewa tun daga ranar da aka dake shi darajarsa ba ta gushe tana ɗaukaka ba, kamar dai bulalar ado ce aka sanya masa. Ya koma majalisinsa da raunanniyar kafaɗarsa, ya ci gaba da tace littafinsa Muwaɗɗa, wanda yake cikin littattafan hadisi da fiƙihu mafi daɗewa da suka iso gare mu. Halifa Mansur da kansa ya ƙarfafa masa gwiwa a kan aikin. Da aka nemi a tilasta wa dukan Musulmi bin littafin, sai Malik ya ƙi, bisa hujjar cewa sahabbai sun watsu a garuruwa kuma kowace jama'a tana riƙe da abin da ya iso mata. Wanda ya ɗanɗani ɗacin tilas bai yarda a yi wa wani tilas da sunansa ba.

A waɗannan shekaru ne manyan almajiransa suka yi ta kwararowa. Imamu Shafi'i ya zo masa yana matashi, ya riga ya haddace Muwaɗɗa. Muhammadu ɗan Hasan Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya zauna wurinsa shekara uku. Ibnul Ƙasim na Masar ya lizimce shi kusan shekara ashirin. Yahaya ɗan Yahaya ya taso tun daga Andalus, kuma ruwayarsa ta Muwaɗɗa ita ce ta fi yaɗuwa a hannunmu. Halifa Haruna Rashid ma, da ya nemi malam ya je ya karantar da shi, sai da ya tako da ƙafarsa, domin Malik ya nuna masa cewa ilimi zuwa ake yi wurinsa.

A ƙarshen rayuwarsa rashin lafiya ya tsare shi a gida, har ya daina fita masallaci da jana'iza. Mutane suka yi ta magana, shi kuwa bai fito ya yi tallar lalurarsa ba, iyaka ya nuna cewa ba kowane uzuri ne mutum yake iya faɗa ba. Ya rasu a watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 179, daidai da 795 Miladiyya, yana da shekara 86, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a.

Daga Ibnul Ƙasim ne Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 240, ya tattara Mudawwana. Daga wannan tushe Risala da Muhtasar suka tsiro, fatake da malamai suka ƙetaro Sahara da su. Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Muhammadu Kisoki, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565, aka kawo Ashafa da Mudawwana birnin. Da Malik ya ƙarar da sauran kwanakinsa wajen neman fansa, ko ya kulle ƙofa don baƙin ciki, da wannan alheri bai iso mu ta wannan hanya ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa mazauna birane, ba mu kawo wannan tarihi don nishaɗi kawai ba. A cikinmu akwai wanda hatsarin mota ya ritsa da shi a hanyar zuwa gida Salla, ya tashi da sanda. Akwai wanda injin ya cinye wa yatsu a wurin neman abinci, akwai wanda 'yan bangar siyasa suka illata, akwai kuma wanda rikicin gona ya bar masa tabo daga hannun ɗan'uwansa na jini, har ya yi rantsuwar shi da garin nan har abada. Ga irin waɗannan bayin Allah muke cewa, tawayar gaɓa ba ta rufe littafin mutum. Mafi albarkar shekarun Imamu Malik su ne waɗanda ya yi bayan rauninsa. Ƙullin zuciya kuwa kaya ne, mai shi yake nauyaya wa dare da rana alhali wanda ya yi cutar yana barcinsa.

Akwai kuma magana gare mu masu lafiya. Halifa sai da ya miƙa wa Malik haƙƙinsa tukuna, sannan shi ya yafe da zaɓin kansa. Ba daidai ba ne mu riƙa taruwa a kan mai rauni muna cusa masa haƙuri don kawai wanda ya cuce shi yana da ƙarfi ko yana da dangi. A fara tabbatar masa da gaskiyarsa, a biya masa kuɗin magani da diyyar da shari'a ta yanka, sannan a kwaɗaitar da shi falalar afuwa. In ya yafe ladarsa tana wurin Allah, in ya karɓi haƙƙinsa bai yi laifi ba. Haka kuma wajibi ne ƙungiyarmu da rassanta su san inda majinyatanmu suke, a duba su, a tallafa musu da jari ko sana'ar da ta dace da halinsu, domin dubiyar mako ɗaya ba ta ɗaukar nauyin jinyar shekaru.

Allah Ya jiƙan Imamu Malik, Ya saka masa da mafificin alheri. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sanyaya zukatan waɗanda aka zalunta, Ya haɗa kan 'ya'yan garinmu na gida da na waje, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Amin.