Susumu Ohno: Likitan dabbobin da ya buɗe sirrin ƙwayar halittar mace

Idan ka ga kyanwa mai launi uku, baƙi da ja da fari, kusan ko da yaushe mace ce. Bayanin haka ya samo asali ne daga binciken Susumu Ohno, masanin kimiyya ɗan Japan.

An haife shi a birnin Seoul a 1928, lokacin da Japan ke mulkin Koriya. Son dawakai ya sa ya karanci likitancin dabbobi a Tokyo, daga baya ya koma Amurka, inda ya shafe sama da shekara 40 a cibiyar City of Hope da ke California.

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai ɗaurin bayanan gado da ake kira kromosom. Mace tana da kromosom X biyu, namiji kuwa ɗaya. A 1959 Ohno ya nuna cewa wani baƙin ɗigo da ake gani a ƙwayoyin mata ɗaya ne daga cikin X ɗin, a dunƙule.

A 1961 Mary Lyon ta Ingila ta ɗora a kai: tun a farkon ciki kowace ƙwaya ke rufe X guda, wata ta rufe na uwa, wata na uba. Da yake bayanin ja ko baƙin gashin kyanwa yana kan X ne, sai jikinta ya fito dabbare-dabbare.

A 1972 Ohno ya bayyana mafi yawan DNA a matsayin tarkace, domin ba ya samar da furotin. Amma a 1991 aka gano Xist, wani dogon sinadarin RNA wanda shi ma ba ya samar da furotin. Shi ne ke lulluɓe X, ya janyo sinadaran da ke rufe shi, a daidai lokacin da ƙwayoyin ɗan tayi ke fara rarrabuwa zuwa na fata, jini da ƙwaƙwalwa. Wato mabuɗin abin da Ohno ya gano yana cikin irin DNA ɗin da ba a ɗauka da muhimmanci ba.

Har yau masana na muhawara kan yawan DNA ɗin da ba shi da aiki. Ohno ya rasu a watan Janairun 2000 yana da shekara 71, watanni kaɗan kafin a sanar da daftarin farko na taswirar gadon ɗan Adam.