Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Namijin da Bai Tsaya a Ƙofa Ɗaya Ba

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya wannan al'umma ta zama matsakaiciya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a nan ƙasar Madawa kabarin Malam Jibrilu ɗan Umaru yake, malamin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya durƙusa a gabansa ya ɗauki karatu. Saboda haka tarihin gidan Shehu ba baƙo ba ne gare mu mutanen Adar. A wannan fitowa mun zaɓi mu kawo rayuwar ɗan Shehu, Muhammadu Bello (Allah Ya ji ƙansa), domin wata cuta da muke gani a tsakaninmu daga Madawa zuwa Buza da Keita. Wani ya sha littattafai amma ba ya da sana'ar da za ta ciyar da gidansa. Wani kasuwa ta karɓe shi amma farillan alwala sun gagare shi. Wani kuma ƙarfi ne da shi, ya tafi ci-rani shekara da shekaru, ya bar iyali ba tarbiyya. Kowane ɗaya ya riƙe ƙofa ɗaya ya saki sauran.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekara ta 1195 bayan Hijira, daidai da 1781 Miladiyya, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel cikin jama'ar mahaifinsa, inda karatu ya zama abincin safe da na dare. Ya yi karatu wurin Shehu da kansa, da wurin baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, da yayansa Muhammadu Sa'adu, da wasu malamai na jama'a. Ya ƙware a Larabci da nahawu, da tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi. Da ya tsaya nan, da ya isa a kira shi malami. Amma ya zarce zuwa ilmin magani da lissafi da tarihin ƙasashe, yana ganin duk abin da zai amfani Musulmi a jikinsu ko a zamansu ya cancanci a neme shi.

A fagen fama

A shekarar 1804, lokacin da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa jama'a lamba har suka yi hijira zuwa Gudu, Bello yana saurayi ɗan shekara 23. Ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekara, ya kuma ɗanɗani ɗacin Tsuntsuwa da Alwasa, inda aka rasa malamai da mahaddata masu yawa. A 1808 shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Alkalawa, a 1809 kuma ya kafa birnin Sakkwato. Wanda bai horar da jikinsa ga hawan doki da yunwa da tafiyar rana ba, ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Abin lura shi ne takobi bai raba shi da alƙalami ba. Cikin waɗannan shekaru na ƙura ya yi ta musayar wasiƙu da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Borno, kowannensu yana kawo hujjarsa a kan halaccin yaƙin. A 1812 ya kammala littafinsa Infaƙul Maisuri, ya sanya wasiƙun abokin jayayyarsa a ciki tare da nasa amsoshin, domin mai karatu ya ji ɓangarorin biyu. Har yau malaman tarihi ba su wadatu da barin wannan littafi ba.

Da shi da baffansa

Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a yana ɗan shekara 36. Wannan al'amari ya sanya sanyi tsakaninsa da baffansa kuma malaminsa Abdullahi, wanda ya koma Gwandu. Bayan 'yan shekaru mutanen Kalambaina suka tsananta wa Abdullahi, sai Bello ya ɗaura sirdi ya kai masa gudummawa da kansa. Masu tarihi sun ruwaito cewa da aka ci nasara, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki domin girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Sarauta ba ta mantar da ɗa ladabi ba, girma kuma bai hana uba karɓar gaskiya ba. Gidaje nawa ne a garuruwanmu suka rabu a kan gona ɗaya ta gado, har aka mutu ba a gaisawa?

Likita kuma mai sana'a

A nan ne rayuwar Bello ta fi ba mu mamaki. Sarkin da ke da daula daga Sakkwato har Adamawa ya zauna ya rubuta littafi a kan ciwon ido, wato Masugul Lujaini, da wani a kan maganin basur, da wani a kan amfani da filasko. Bai ga cewa maganar basur ta yi ƙanƙanta ga Sarkin Musulmi ba, tun da talakawansa suna fama da shi.

Da Baturen Ingila Kyaftin Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya tarar da sarki mai tambaya a kan ƙasashen duniya da addinansu, har Bello ya nemi a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Da Baturen ya komo a 1826 da kyautar littattafan Larabci, cikinsu har da littafin lissafi na Iƙlidisu, Bello ya shaida masa cewa dā suna da irinsa, gobara ce ta cinye. Hikima dai a wurinsa kayan mumini ce, ko daga hannun wa ta fito.

Game da neman halali, ya rubuta Tanbihus Sahibi a kan hukunce-hukuncen sana'o'i, inda ya zargi zaman banza da dogara ga hannun mutane. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da manoma da maƙera da sauran masu sana'a cikin wajiban shugaba. Kuma bai umurci mutane da abin da shi bai yi ba, domin marubutan zamaninsa sun shaide shi da cewa daga abin da ya nema da kansa yake ci, ba daga baitulmali ba.

Bai manta da mata ba. Ya tattara labaran salihan mata a cikin Kitabun Nasiha, ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta mayar da shi waƙe domin ya isa kunnen matan ƙauye.

Bello da ƙasar Adar

Lokacin da Muhammadu Aljailani ya tashi da nasa jihadi cikin Abzinawan Adar, ya nemi fatawa wurin Bello a kan sha'anin makiyaya. Bello ya ba shi shawarar a zaunar da su a garuruwa, a gina masallatai, a naɗa masu karantar da yara, domin addini ya fi kafuwa inda ake zaune wuri ɗaya. Wannan ita ce siyasar da shi kansa ya bi wajen kafa ribaɗoɗi, inda mutum ɗaya yake zama manomi da damina, ɗalibi da dare, mai tsaron iyaka ranar tsoro.

Ba za mu ɓoye ba cewa zamaninsa zamanin yaƙi ne. A Gawakuke, a 1836, ya kara da haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawan Ibra, aka zubar da jini mai yawa, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka faɗi a fagen. Cikin kakanninmu akwai waɗanda suka tsaya a wannan sahu, akwai waɗanda suka tsaya a wancan. Hisabinsu duka yana wurin Allah. Mu abin da ya rage mana shi ne mu ɗauki alheri inda muka same shi.

Rasuwarsa

Bello ya rasu a ribaɗinsa na Wurno a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, bayan shekara 20 a kan mulki. A can aka binne shi, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Abin da ya rage gare mu

Ya 'yan'uwa, ba haihuwa a gidan Shehu ce ta ba Bello wannan kamala ba. 'Ya'yan malamai nawa ne suka tashi hannu wofi? Ya same ta ne da raba lokacinsa tsakanin haƙƙoƙi, irin nasihar da Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i lokacin da ya ga ibada ta sa ya yi sakaci da jikinsa da iyalinsa, Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu. Don haka kowane ɗayanmu ya duba ƙofar da ya rufe. Malami ya koya wa almajiransa sana'a tare da allo. Ɗan kasuwa ya ware tsakanin Magariba da Lisha ya zauna gaban malami. Mai ciwo ya nemi magani tare da addu'a. Mai tafiya ci-rani ya san ranar komowarsa tun kafin ya fita.

Allah Ya ji ƙan Muhammadu Bello da Malam Jibrilu da sauran magabatanmu, Ya gafarta musu kurakuransu, Ya ba mu ikon gyara namu. Amin.