Shehu Magili, Malamin da Ya Tsara wa Kano Riƙon Dukiyar Jama'a

Malamanmu da 'yan'uwanmu ɗalibai, a wannan mako mun kawo muku tarihin Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili.

An haife shi a Tilimsan, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, wajen shekarar 1440. Ya yi karatu mai zurfi, ya zauna a Tuwat yana koyarwa. Daga nan ya ƙetaro Sahara ta ƙasar Azbin, ya iso Kano wajen 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

A Kano ya rubuta wa sarkin littafi mai babi takwas, Tajuddin, kan abin da ya wajaba ga masu mulki. Ya nuna cewa sarki na buƙatar wazirai masu tsoron Allah, da ma'aji, da magatakarda, da masu lissafi. Ya yi ta maimaita gargaɗi cewa ɓarna na farawa ne idan shugaba ya ɓuya wa talakawansa.

Babi biyu na ƙarshe kan kuɗi suke. Na bakwai ya bayyana halattattun hanyoyin tara dukiyar baitulmali, kamar zakka, ya kuma hana cin hanci da ƙwace kayan talaka. Na takwas ya tsara yadda za a kashe ta: tsaron gari, da albashin malamai da alƙalai, da taimakon matalauta. Wato sarki mai ajiya ne, dukiyar ba tasa ba ce.

Daga baya ya tafi Gawo, inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songhai. Ya rasu a Tuwat wajen 1504. Bayan shekara ɗari uku, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun kafa hujja da rubuce-rubucensa. Har yau ana danganta Sharifan Kano da zuriyarsa.

Me ya shafe mu a Gawuna? Kujerun ajinmu, da allo, da albashin malamanmu, duk daga dukiyar jama'a suke fitowa. Idan an ci amanarta, mu ne za mu zauna a ƙasa. Don haka muna kira ga ma'ajin kowace ƙungiya a makarantarmu ya rubuta kowace naira da ta shigo da wadda ta fita, ya karanta wa mambobi. Da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya jiƙan Shehu Magili, amin.