Charles Worth, telan da ya fara sayar da sunansa tare da riga

Mutumin da ya shiga kanti ya juya wuyan kwat ko na abaya don ya ga sunan gidan da ya ɗinka ta, tun kafin ya tambayi kuɗi, yana bin wata al'ada ce da ba ta daɗe ba a tarihin tufafi. A tsakiyar ƙarni na 19 ta kafu a birnin Paris, kuma wanda ya fi kowa hannu wajen kafa ta ba Bafaranshe ba ne. Wani ɗan Ingila ne mai suna Charles Frederick Worth, wanda ya shiga birnin yana ɗan shekara 20, aljihunsa kusan wayam, Faransancinsa kuma bai isa ya yi cinikin burodi ba.

An haife shi ranar 13 ga Oktoba, 1825, a garin Bourne da ke yankin Lincolnshire. Mahaifinsa lauya ne, amma ya salwantar da dukiyar gidan, ya bar iyali cikin talauci, saboda haka yaron bai yi nisa a makaranta ba. Ya ɗan taɓa aiki a maɗaba'a, daga nan aka tura shi Landan koyon ciniki a kantin yadi na Swan & Edgar, sannan ya koma Lewis & Allenby, masu sayar da siliki. Abin lura shi ne Worth bai fara da allura da zare ba. Da yadi ya fara: yadda yake zuba a jiki, yadda launinsa ke sauyawa a hasken fitila, da irin wanda matar attajiri za ta shafa ta kasa ajiyewa. Wannan sanin ne jarinsa na gaskiya har ƙarshen rayuwarsa.

A Paris ya samu aiki a kantin Gagelin, wanda ya shahara da siliki da manyan gyale masu tsada. A can ya haɗu da Marie Vernet, wadda aikinta shi ne ta yafa gyale a gaban masu saye don su ga yadda zai zauna musu. Sun yi aure a 1851. Worth ya riƙa ɗinka mata riguna marasa ado mai yawa domin gyalen ya fito sosai, sai ga shi matan da suka zo sayen gyale suna tambayar rigar. Masu kantin sun yi jinkiri, don a ganinsu ɗinki ƙaramar sana'a ce da za ta rage musu daraja, amma daga baya suka bar shi ya buɗe sashen ɗinki. Kayansa sun shiga babban baje kolin Landan na 1851 da na Paris na 1855, suka kuma ci lambobin yabo. A 1858 ya haɗa jari da wani ɗan Suwidin mai suna Otto Bobergh, suka buɗe gidansu a lamba 7, titin Rue de la Paix.

Ba za a gane girman abin da ya yi ba sai an san yadda ake ɗinki kafinsa. Mace mai hali takan sayi yadinta a kanti ɗaya, ta sayi leshi da kayan ado a wani, sannan ta kira mai ɗinki, wadda galibi mace ce, ta zo har gida ta karɓi umarni. Ra'ayi na mai riga ne, hannu kawai na mai ɗinki. Duk wanda ya taɓa kai wa tela shadda gabanin Sallah yana nuna masa hoto a waya ya san wannan tsari sarai. An yi fitattun masu tsara kaya kafin Worth, irin su Rose Bertin da ta yi wa Sarauniya Marie Antoinette aiki, don haka masu cewa shi ya ƙirƙiro komai sun yi zuzutawa. Abin da ya yi shi ne juya tsarin gaba ɗaya ya mayar da shi kasuwanci mai ƙa'ida.

A gidan Worth, riga tana wanzuwa kafin mai sayenta ta iso. Yakan tsara jerin sababbin samfura gabanin kowane lokaci na shekara, a ɗinka su, sannan 'yan mata su sanya su su yi tafiya a gaban baƙi, kamar yadda Marie ta saba yi da gyale. Mai saye ta zaɓi samfuri, a ɗauki awonta, a ɗinka mata nata da yadin da gidan ya tanada. Ta haka ribar yadi da ta ado da ta ɗinki suka taru a hannu ɗaya, aka kuma ƙara musu wata ta huɗu da ba a saba biya ba, wato kuɗin ra'ayin mai tsarawa. A cikin ɗamarar rigar, inda ido ba ya kaiwa, akan sa sunan gidan. Wannan tsari ne Faransawa suka kira haute couture, ɗinki na ƙoli.

Akwai wani ɓangare na aikin da masu yabonsa ba su cika son ambata ba, domin yana rage wa labarin armashi. Worth ya tsara hannayen riga da jiki da siket ta yadda za a iya haɗa wannan da wancan, don haka daga 'yan tsirarun zane-zane ake fitar da riguna masu yawa da kowace mai saye za ta ɗauka tata ce ita kaɗai. Dogayen ɗinkuna a keke ake yin su, ado da gamawa ne ke zuwa hannu. A bayan ɗakunan karɓar baƙi masu madubai da fitilu, masana'anta ce ke aiki.

Ƙofar fada ta buɗe masa ta hannun Gimbiya Pauline von Metternich, matar jakadan Ostiriya a Paris. Marie ce ta kai mata littafin zanen riguna, gimbiyar ta yi odar guda biyu a kan faran 300 kowace. Ta sa ɗaya zuwa wata liyafa a fadar Tuileries a 1860, Sarauniya Eugénie, matar Sarki Napoleon na Uku, ta gani ta nemi a kawo mata mai ɗinkin. Gimbiyar da kanta ta rubuta daga baya cewa daga ranar arahar ta ƙare mata.

Sa'a ce, amma sa'ar ta zo daidai da bukatar gwamnati. Napoleon na Uku yana son fadarsa ta yi ƙyalli don ta rufe bakin tsofaffin gidajen sarautar Turai da ke kallonsa a matsayin ɗan kutse, yana kuma son masaƙan siliki na birnin Lyon su samu aiki. Matan da aka gayyata zaman mako guda a fadar Compiègne sukan sauya kaya sau da yawa a yini, kuma maimaita riga abin kunya ne. Siket ɗin yayin lokacin, wanda ake tokarewa da zobban ƙarfe har ya yi kama da akurki, yana cin yadi mai ɗimbin yawa. Worth bai ƙirƙiro shi ba, amma ya ci moriyarsa, daga baya kuma shi ya lafe gabansa ya tura tarin yadin zuwa baya, yayin da ya sa matan da suka cika akwatunansu suka sake dawowa saye. A 1867 shi ya ɗinka rigar da Sarauniya Elisabeth ta Ostiriya ta sa ranar naɗinta a matsayin sarauniyar Hangari. Kafin 1870 ma'aikatan gidan sun kai wajen 1,200.

Mutane ba su karɓi wannan cikin sauƙi ba. Namiji mai gemu yana auna jikin matan manya abin tsegumi ne a Paris da Landan, jaridu kuma sun yi ta yi masa ba'a. Worth ya mayar da martani ta hanyar ɗaukar kansa a matsayin mai zane ba mai ɗinki ba. Ya riƙa sa hular karammiski da babbar riga irin ta masu zanen da, ya bar matan manyan ƙasa suna zaman jiransa, wani lokaci ma ya ƙi yi wa mace launin da ta zaɓa. Girman kai ne, babu shakka, amma girman kai ne mai kawo kuɗi, domin kowace mace da aka sa ta jira takan fita ta ba da labari.

Sai ga 1870. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furushiya, aka kama Napoleon na Uku a Sedan a farkon Satumba, ranar 4 ga watan kuma Eugénie ta sulale daga fada ta tsere zuwa Ingila da taimakon wani likitan haƙori Ba'amurke. Aka yi wa Paris ƙawanya tsawon watanni, gidan Worth ya rufe ya zama wurin jinyar sojojin da suka ji rauni, Bobergh kuma ya janye ya koma ƙasarsu. A watan Mayun 1871, lokacin tawayen da ake kira Commune, aka kayar da dogon ginshiƙin dandalin Vendôme, taku kaɗan daga ƙofar shagon. Waɗanda abincinsu ke rataye da ofishin mutum ɗaya sun san yadda irin wannan labari ya saba ƙarewa.

Na Worth bai ƙare haka ba, kuma dalilin yana cikin tsarin da ya gina. Sunan da ke cikin ɗamarar riga nasa ne, ba na sarauniya ba. Ya sake buɗewa a 1871 shi kaɗai, ya juya ga sababbin masu kuɗi, musamman matan attajiran Amurka da ke ƙetare teku su yi odar kayan shekara a zuwa ɗaya. Rigar da Alice Vanderbilt ta sa a wani bikin shigar ban mamaki a New York a 1883, wadda aka tsara don ta wakilci hasken lantarki, daga gidansa ta fito. Fitattun 'yan wasan dandamali da mawaƙa irin su Sarah Bernhardt da Nellie Melba sun sa kayansa a gaban dubban 'yan kallo, wanda talla ce da ba a biya wa jarida ko sisi ba.

Ya kuma sayar da samfura ga teloli da manyan kantuna na ƙasashen waje domin su kwaikwaya su sayar a garuruwansu. Wannan ya kawo kuɗi ya yaɗa suna, amma ya buɗe ƙofar da ba ta sake rufuwa ba. Da zarar suna ya zama abin da ake biya, sai masu jabu suka gane cewa saƙa sunan ya fi ɗinka rigar sauƙi, riguna masu ɗauke da sunan Worth na ƙarya suka fara yawo tun a ƙarnin. Su kuwa matan da suka sunkuya a kan allura a benayen sama, waɗanda yatsunsu suka yi ainihin aikin, sunansu bai shiga ɗamarar kowace riga ba.

Ya rasu a Paris ranar 10 ga Maris, 1895, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 69. 'Ya'yansa biyu suka gaje shi bisa rabon aikin da manyan gidajen ɗinki ke bi har yau: Gaston ya riƙe lissafi da kasuwanci, Jean-Philippe ya riƙe zane. A 1901 Gaston ya ɗauki wani saurayi mai suna Paul Poiret don ya tsara riguna masu sauƙi na yau da kullum. Poiret bai daɗe ba ya fita ya buɗe nasa gidan a 1903, kuma cikin 'yan shekaru salonsa ya sa kayan Worth suka fara kama da na iyaye. Gidan ya ci gaba a hannun jikoki da tattaɓa-kunne, aka haɗe shi da gidan Paquin a 1954, ya daina ɗinki a Paris a 1956. Turaren Je Reviens da ya fitar a 1932 ya fi rigunan tsawon rai a kasuwa, su kuwa rigunan suna gidajen adana kayan tarihi a Paris da Landan da New York.